Ƙafar Jaipur: Nazarin Ƙafar Robar da Aka Ƙera Don Masu Zaman Ƙasa

A cikin shekarun 1960, likitan ƙashi na asibitin Sawai Man Singh da ke Jaipur, babban birnin jihar Rajasthan a arewa maso yammacin Indiya, ya lura da wani abu da ya hana shi sukuni. Mutanen da aka yanke wa ƙafa, aka sha wahala aka samo musu ƙafar roba irin ta Turai, sai ya riƙa ganinsu sun koma dogara sanda, ƙafar kuwa tana can gida an jingine ta a lungu. Da yawa daga cikin ma'aikatan lafiya na wancan zamani sun ɗauki wannan a matsayin jahilci ko rashin godiya. Shi kuwa wannan likita, Pramod Karan Sethi, ya ɗauka cewa in talaka ya ajiye abin da aka ba shi don amfanin kansa, to akwai dalili, kuma dalilin yana jikin abin da aka ba shin.

An haifi Sethi a Banaras a 1927, ya yi karatun likita a Agra, sannan ya sami shaidar ƙwarewa a aikin tiyata daga Edinbura ta ƙasar Sikotland a 1954. Asalinsa likitan tiyata ne na gama-gari, kuma bai shiga fannin ƙashi ba sai a 1958, lokacin da aka ɗora masa nauyin buɗe sashen ƙashi a kwalejin likitanci ta Jaipur. Wannan ya zame masa gata daga baya, domin bai taso cikin koyarwar da ta riga ta yanke hukunci kan yadda ƙafar roba ta kamata ta kasance ba. A lokacin, babbar cibiyar ƙera gaɓoɓin roba a Indiya ita ce ta sojoji da ke Pune, wadda aka kafa a 1944 domin waɗanda suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Manomin Rajasthan da jirgin ƙasa ya take wa ƙafa ba shi da kuɗin tafiya can, balle na zaman jira.

Tafin ƙafar da aka fi sani a duniya a lokacin shi ne wanda ake kira SACH, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka a shekarun 1950. Ƙirarsa mai sauƙi ce: katako mai tauri a tsakiya tun daga idon sawu har kusan yatsu, da soso mai laushi a diddige wanda yake shanye bugun ƙasa idan an taka. Idon sawun ba ya motsi ko kaɗan. An yi shi ne don a saka shi cikin takalmi sau-ciki mai ɗan tudu a diddige, a yi tafiya da shi a kan daɓe ko kwalta, a zauna a kan kujera, a shiga banɗaki na zama. Ga wanda rayuwarsa take haka, tafin yana biyan buƙata, kuma har yau ana amfani da shi a ƙasashe da dama. Matsalar ita ce marasa lafiyan Sethi ba haka suke rayuwa ba. A ƙasa suke zama su tanƙwashe ƙafa su ci abinci, a tsugune suke girki da aiki da kewayawa, ba takalmi suke shiga ɗaki da wurin ibada, kuma gonakinsu akwai kunya da rami da taɓo. Tsuguno yana buƙatar idon sawu ya lanƙwasa gaba sosai, zaman tanƙwashe yana buƙatar tafin ya ɗan murɗa, tafiya a ƙasa marar daidaito kuma tana buƙatar ya karkata dama da hagu. Tafin SACH ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma in aka cire masa takalmi sai tsayuwar mai shi ta karkace, ga shi ba ya kama da ƙafar mutum. Sethi ya raba al'ummomi gida biyu a tunaninsa, masu zaman kujera da masu zaman ƙasa, ya ce kayan da ake kawowa na rukunin farko ne. Mai karatun da ya tashi a kan tabarma, yake zaman tahiyya sau da yawa a yini, yake cire takalmi a ƙofar masallaci, ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane inda maganar ta dosa.

Mai sana'a da mai faci

Sethi ya san abin da yake so ƙafar ta yi, amma hannunsa na tiyata ne, ba na ƙira ba. Wanda ya cike wannan giɓi shi ne Ram Chandra Sharma, mutumin da ya fito daga gidan masu sana'ar hannu, bai yi nisa a karatun boko ba, kuma aikinsa a asibitin shi ne koya wa marasa lafiya sana'o'in hannu. Ana kiransa Masterji, wato malam cikin girmamawa. Ya iya sassaƙa, ya iya zubin ƙarfe, kuma shi ne ya ƙera mazubin alminiyon mai siffar ƙafar mutum, da yatsu da jijiyoyi da komai, ta hanyar zubi a cikin yashi irin na maƙeran gargajiya.

Labarin da ya shahara, wanda mujallar Time ta Amurka ta kawo a 1997, shi ne cewa wata rana tayar kekensa ta yi faci a hanyarsa ta zuwa asibiti, da ya je wurin mai faci sai ya ga yadda ake sabunta tayar babbar mota da ɗanyar roba ana gasa ta da zafi har ta ƙeƙashe. Daga nan aka fara cika mazubin da robar taya ana gasawa. Ƙafafun farko sun fito da nauyi da tauri, ba su fi abin da ake gudu ba. Sai aka saka tafin SACH a ciki aka lulluɓe shi da roba, nauyin ya ragu amma tsuguno bai samu ba, saboda katakon tsakiya yana nan. Aka yi ta rage katakon ana gwadawa a jikin marasa lafiya, suna faɗin inda ya dame su, har aka kai ga ƙirar da aka tsaya a kanta wajen 1968. Wasu likitoci biyu, S. C. Kasliwal da Mahesh Udawat, suna cikin aikin.

Yana da kyau a tsaya a kan wannan ƙira, domin a nan ne hikimar take. Cikin tafin an raba shi gida uku. Akwai guntun katako marar nauyi a wurin idon sawu, wanda ƙusa mai noti ta ratsa shi, ita ce take haɗa tafin da ƙwauri. Akwai dunƙulen roba mai kama da soso a diddige, akwai wani kuma a gaba wajen yatsu. Waɗannan guda uku ba a manne suke da juna kamar itace ɗaya ba. An naɗe su ne da zaren taya da roba mai laushi, aka shimfiɗa robar taya mai ƙwari a tafin da yake taɓa ƙasa, aka rufe sama da roba mai launin fata, sannan aka saka duka cikin mazubi aka gasa. Tunda babu katako mai tsawo da ya ratsa tsakiya, dunƙulen diddige yana aiki kamar gaɓa mai juyawa ta kowane ɓangare: ya lanƙwasa gaba a yi tsuguno, ya karkata gefe a taka dutse, ya murɗa a tanƙwashe ƙafa. Babu ƙarfe mai motsi a ciki da zai yi tsatsa ko ya cika da yashi, ruwa kuma ba ya shiga, don haka ana iya shiga gonar shinkafa ko wanka a rafi da ita. An kuma bar tsaga tsakanin babban yatsa da mai bi masa domin igiyar silifa ta sami wurin shiga. Wannan tsaga ƙaramin abu ne a ido, amma a ganina ita ce ta fi nuna cewa masu ƙirar sun kalli ƙafafun mutanen da ke gabansu kafin su ɗauki kayan aiki.

Ƙwaurin kuwa da farko da farantin alminiyon ake yinsa. Maƙera irin masu yin tukwane da bokitai suna auna dungun, su yanka farantin, su naɗe, su yi walda, su bubbuga da guduma har ya hau jikin mai shi, wani lokaci cikin ƙasa da sa'a guda. Sethi da abokan aikinsa ba su yi wa ƙafar rajistar mallakar fasaha ba, wanda ya sa kowa yake da damar kwaikwayonta. Wannan shawara ta taimaka wajen yaɗuwarta, ta kuma jawo wata matsala da za a zo kanta.

Shekaru bakwai na shiru

Abin mamaki shi ne daga 1968 zuwa 1975 mutanen da aka saka wa wannan ƙafa ba su kai 100 ba. Ƙira tana nan, maƙera suna nan, mabuƙata kuma sun cika gari, amma babu hanyar da za ta haɗa su. Asibitin gwamnati yana da ƙa'idojinsa na sayen kaya da biyan kuɗi da jerin gwano, manyan likitoci a wasu biranen suna kallon ƙafar a matsayin aikin ƙauye, talaka kuwa ko kuɗin mota ba shi da shi.

Mutum na uku a labarin jami'in gwamnati ne, Devendra Raj Mehta. A 1969, yana shugaban mulki na gundumar Jaisalmer da ke cikin hamadar Rajasthan, ya yi mummunan hatsarin mota a kusa da Pokhran, ƙashin cinyarsa ya farfashe, har aka yi tunanin yanke ƙafar. Ya shafe watanni a asibiti, an ceto ƙafar, kuma a zuwansa gashin ƙashi ya ga yadda talakawan da aka yanke wa gaɓa suke kwana a bakin titi suna jiran abin da ba lalle su samu ba. A 1975 ya kafa ƙungiyar Bhagwan Mahaveer Viklang Sahayata Samiti, wadda aka fi sani da BMVSS. Sunan na Mahavira ne, babban malamin addinin Jain, kuma an kafa ta ne a lokacin bukukuwan cika shekara 2,500 da rasuwarsa, abin da ya taimaka wajen samun gudummawar 'yan kasuwa mabiya wannan addini. Mehta ya ci gaba da aikin gwamnati har ya zama mataimakin gwamnan babban bankin Indiya, daga baya kuma ya shugabanci hukumar kula da kasuwar hannayen jari daga 1995 zuwa 2002, amma bai saki ƙungiyar ba.

Abin da BMVSS ta kawo ba fasahar ƙira ba ce, tsarin karɓar mutum ne. Ƙa'idarta ita ce wanda ya zo, ko da tsakar dare ne, a karɓe shi, ba tare da takardar turowa daga likita ko alƙawarin rana ba. Ana ba shi wurin kwana da abinci, shi da mai rakiyarsa, ana auna shi, a ƙera masa ƙafa cikin yini ɗaya zuwa uku, ya tafi bai biya ko sisi ba. Wanda ya tsara wannan ya fahimci lissafin talaka: kuɗin ƙafar kanta ba shi ne kaɗai shinge ba, akwai kuɗin jirgin ƙasa, da kwanakin da mai rakiya zai bar aikinsa, da kuma cewa mai aikin yini ba zai iya zuwa sau huɗu ko biyar ba kamar yadda tsarin Turai ya tanada, a auna yau, a gwada bayan mako biyu, a dawo gyara bayan wata. In aka ce masa ya je ya dawo, to ya tafi ke nan. Kuɗin tafiyar da aikin yana fitowa daga tallafin gwamnatin Indiya da gudummawar jama'a da kamfanoni, kuma ƙungiyar ta yi suna wajen taƙaita abin da take kashewa a harkar ofis. Zuwa yanzu, bisa alƙalumanta, mutanen da ta bai wa ƙafa ko takalmin ƙarfe na masu shanyayyiyar ƙafa ko sanduna ko keken guragu sun haura miliyan 2.

Daga baya an bar alminiyon aka koma bututun roba mai ƙwari irin wanda ake jan ruwan ban-ruwa da shi, wanda ake kira HDPE. Yadda ake yi shi ne a naɗe dungun da bandejin filasta a ɗauki siffarsa, a cika wannan da filasta a sami dungu na kwaikwayo, a goge wasu wurare a ƙara wa wasu, sannan a gasa bututun a tanda har ya yi laushi, a zura shi a kan siffar a matse. In ya huce sai a fasa filastar, a datse baki, a haɗa tafin a ƙasa, a sa maɗaurin fata da yake kama saman gwiwa. A 1997 mujallar Time ta ƙiyasta kuɗin ƙafa guda a dala 28, a lokacin da irinta a Amurka take cin dubban daloli, kuma ko da kuɗin ya tashi a shekarun baya, ya daɗe bai kai dala 100 ba.

Wadda ta sa sunan ƙafar ya shiga kowane gida a Indiya ita ce Sudha Chandran, mai rawar gargajiya ta Bharatanatyam, wadda ta yi hatsarin mota a jihar Tamil Nadu a 1981 tana budurwa, raunin ya ruɓe, aka yanke mata ƙafar dama. Wannan rawa ana yinta ne ba takalmi, da durƙuso da buga tafin ƙafa a ƙasa, wato duk abin da tafin SACH ba zai iya ba. An yi mata ƙafar Jaipur, aka yi ta gyara mata ita, ta koma dandali a Bombay a watan Janairun 1984. A ƙasashen waje kuma, yaƙe-yaƙe da nakiyoyin da ake binnewa a ƙasa ne suka buɗe mata hanya. An kafa cibiyoyin ƙera ta a Kolombo da Jaffna na ƙasar Siri Lanka a shekarun 1980, ta isa Kambodiya a farkon shekarun 1990, kuma BMVSS ta riƙa kai sansanonin wucin gadi ƙasashe irin su Afganistan da Iraƙi da wasu na Afirka. A 2018 gwamnatin Indiya ta mayar da waɗannan sansanoni wani ɓangare na huldarta da ƙasashen waje, albarkacin cika shekara 150 da haihuwar Mahatma Gandhi.

Inda gizo yake saƙa

Yawancin masu ba da wannan labari a nan suke tsayawa, alhali sauran labarin ya fi amfani ga mai son koyon wani abu. Ƙafar roba ba tafi kaɗai ba ce. Akwai tafin, akwai ƙwauri, akwai kuma gurbin da dungu yake shiga, kuma duk wanda ya yi aiki a wannan fanni zai ce gurbin shi ne ran abin. Dungun ƙasan gwiwa ba a halicce shi don ɗaukar nauyin mutum ba. Wasu wurare suna jure matsi, kamar jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa da naman gefen ƙashin ƙwauri, wasu kuwa ba sa jurewa ko kaɗan, kamar ƙarshen ƙashin da aka yanke da kan ƙaramin ƙashin da ke gefen waje. Aikin mai ƙera gurbi shi ne ya kai nauyi inda ake jurewa, ya ɗauke shi daga inda ba a jurewa. In ya kuskure da 'yan milimita, sai fata ta saluɓe, gyambo ya fito, mai ƙafar ya cire ta ya jingine, a koma gidan jiya. Ga mai ciwon suga, wanda ƙafarsa ba ta jin zafi sosai kuma rauninsa ba ya saurin warkewa, irin wannan gyambo yana iya kaiwa ga sake yanka a sama.

Bayan gurbi akwai daidaita tsayuwa, wato yadda gurbin yake zaune a kan tafin: karkatarsa gaba ko baya, ciki ko waje, da tsawon ƙafar idan aka gwada da mai lafiyar. A ƙafafun da ake haɗawa da sandar ƙarfe da notuna, mai gyara yana kallon tafiyar mutum, ya kwance nan ya ɗaure can har ta daidaita. A ƙafar bututu kuwa, gurbi da ƙwauri abu ɗaya ne da aka zuba lokaci guda, don haka in bututun ya huce a karkace, gyaran da za a iya yi kaɗan ne. Saurin da ya sa talaka yake samun ƙafa a yini ɗaya, shi ne kuma yake rage damar gyara.

A 2004 aka wallafa sakamakon wani bincike da ƙungiyar ƙwararrun gaɓoɓin roba ta duniya, ISPO, ta gudanar a Honduras da Yuganda da Indiya, inda aka bi mutanen da aka saka wa ƙafafun bututu na tsarin Jaipur aka duba su. A cikin masu yankan ƙasan gwiwa, an sami cewa fiye da rabi aikin ƙirar da zaman gurbin ba su yi kyau ba, a masu yankan cinya kuma abin ya fi muni. Masu binciken sun ɗora laifin a kan ƙarancin horon masu ƙerawa fiye da kayan aikin. Wani abin lura shi ne da yawa daga cikin waɗanda aka duba suna ci gaba da amfani da ƙafafun kuma sun ce sun gamsu. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu. Magoya bayan Jaipur suna cewa mai ƙafa ya fi kowa sanin ko tana yi masa amfani. Masu suka kuma suna cewa wanda bai taɓa samun mai kyau ba, kuma aka ba shi kyauta, ba zai buɗe baki ya kushe ba. Ni dai ina ganin kowanne yana da gaskiyarsa, amma gamsuwar wanda ba shi da zaɓi ba ta isa ta zama ma'aunin inganci ba, musamman tunda lahanin gurbi marar kyau a gwiwa da ƙugu da baya sai bayan shekaru yake bayyana.

Rashin rajistar mallaka ma ya nuna ɗaya fuskarsa a nan. Tunda kowa yana iya yi, kuma da hannu ake yi, sai ƙafafu masu suna ɗaya suka bambanta a nauyi da ƙwari da daɗewa, gwargwadon robar da aka samu da hannun da ya naɗa. Wadda aka yi da kyau tana kai shekara uku ko fiye a ƙafar manomi, wata kuwa sai ta tsage tun ba a je ko'ina ba. Tafin kuma ya fi na SACH nauyi. Domin magance wannan ne hukumar binciken sararin samaniya ta Indiya, ISRO, ta miƙa wa BMVSS fasahar zuba tafin da wata roba marar nauyi mai suna foliyuritan a farkon shekarun 2000, don a riƙa fitar da shi daga inji iri ɗaya, sai dai tafin robar taya na asali bai kau ba. Kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, wanda ya fara shirinsa na gyaran gaɓoɓi a 1979, ya bi wata hanya dabam: ya tsara nasa kayan haɗi na roba masu araha waɗanda ake iya daidaita tsayuwarsu kafin a like su, ya kuma dage kan cibiyoyi na dindindin da horar da ma'aikata na shekaru.

Ga masu yankan cinya, babbar damuwa ita ce gwiwa. Gwiwa mai ƙusa ɗaya, irin ta ƙyauren ɗaki, tana iya lanƙwashewa ba zato in aka ɗora mata nauyi, don haka da yawa ake kulle ta mutum ya riƙa jan ƙafa a miƙe. A 2008 wasu ɗaliban injiniya na Jami'ar Stanford suka yi aiki da BMVSS suka ƙera gwiwa mai sanduna huɗu masu motsi tare, wadda cibiyar juyawarta take sauyawa yadda za ta tsaya daram idan an taka, ta kuma lanƙwasa idan an ɗaga. An yi ta da wata roba mai ƙwari da ba ta buƙatar a zuba mata mai, kuɗinta a lokacin wajen dala 20, kuma mujallar Time ta saka ta cikin ƙirƙire-ƙirƙire 50 mafiya muhimmanci na 2009.

Ba a cika ambaton takalmin ƙarfe ba idan ana maganar Jaipur, alhali babban kaso na masu zuwa cibiyar ba yankakkun ƙafa ba ne, waɗanda shan-inna ta shanye wa ƙafa ne. Tsohon takalmin ƙarfe sanduna biyu ne na ƙarfe a gefen ƙafa, da maɗaurai na fata, an kafe su a jikin takalmi mai nauyi. Yaron da ƙafarsa ba ta da ƙarfi tun farko sai a ɗora masa kilo da yawa ya ja, kuma ba zai shiga ɗaki ko wurin ibada ba sai ya cire abin da yake tsayar da shi gaba ɗaya. Tunanin da aka yi a kan tafin shi aka maimaita a nan: aka koma zuba madogarin da roba a kan siffar ƙafar mai shi, ya yi sauƙin ɗauka, ya rabu da takalmi. Indiya ta ga mutum na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta daji, wato ta asali mai yaɗuwa da kanta, ta kama a watan Janairun 2011, aka kuma tabbatar da kuɓutarta a 2014, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, kuma za su buƙaci a sabunta musu madogari har ƙarshen rayuwarsu.

Akwai kuma batun wanda ya cancanci yabo, wanda bai ƙare da daɗi ba. A 1981 Sethi ya karɓi lambar Ramon Magsaysay, wadda ake ɗauka a matsayin babbar lambar girma ta nahiyar Asiya, da lambar Padma Shri ta gwamnatin Indiya. Sunan Ram Chandra yana cikin marubutan maƙalar kimiyya da aka buga kan tafin a 1978, amma likitan ne ya sami manyan lambobin, kuma dangantakar mutanen biyu ta yi tsami. Sethi ya rasu a watan Janairun 2008, shekarar da aka bai wa Mehta lambar Padma Bhushan. Har yau akwai masu kiran likitan da maƙirƙirin ƙafar, akwai masu cewa ta Masterji ce. In aka dubi yadda aikin ya gudana, da wuya a raba: wanda ya san motsin gaɓa bai iya zubi ba, wanda ya iya zubi bai karanci motsin gaɓa ba, kuma su biyun sun yi shekara bakwai ƙafarsu ba ta fita daga asibiti ɗaya ba sai da mai tsara aiki ya shigo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa mutum miliyan 35 zuwa 40 a duniya suna buƙatar gaɓar roba ko madogari, kuma ɗaya cikin goma ne kawai na masu buƙatar kayan taimako yake samu. A gaban irin wannan adadi, tsarin Mehta na sauri da kyauta yana da hujja mai nauyi, domin in aka ce sai an jira ƙwararre mai digiri ya ƙera wa kowa ƙafa a ziyara biyar, mafi yawan mutane za su mutu suna jira. Amma dungu ba ya tsayawa yadda yake. A watannin farko bayan yanka yana motsewa, gurbin da ya zauna daidai a watan farko sai ya yi yawa a wata na shida, mai shi ya fara cusa safa biyu ko uku ko tsumma. Yaro kuma yana girma, ƙafarsa ta roba ba ta girma da shi, don haka kusan duk shekara yana buƙatar sabuwa. Wanda yake zaune kusa da Jaipur, ko kusa da ɗaya daga cikin rassan ƙungiyar a wasu biranen Indiya, yana iya komawa a sake masa kyauta. Wanda aka saka wa tasa a sansanin mako huɗu ko shida a wata ƙasa, masu ƙerawa suka naɗe kayansu suka hau jirgi, in gurbinsa ya yi yawa ko tafinsa ya tsage, sai dai ya nemi mai faci ko baduku mafi kusa, ko ya jira wani sansanin.